BABI NA HUƊU: JIGON ZAƁI DA ALHAKI A MISALIN UBA DA 'YA'YANSA BIYU

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a nazarci jigon zaɓi da alhaki a ɗaya daga cikin fitattun misalan da ke cikin Linjilar Luka, wato labarin wani mutum da 'ya'yansa maza biyu, wanda yake a sura ta 15 daga aya ta 11 zuwa ta 32. Abin da ake nufi da misali a nan shi ne gajeren ƙagaggen labari irin wanda Yesu ya kan bayar don ya koyar da wani darasi. Cikin Linjiloli huɗu, Luka ne kaɗai ya kawo wannan labari, kuma mai karatu da Hausa zai same shi a cikin Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga shi cikakke da harshen Hausa a 1932.

Tambayar da babin zai bi ita ce: wa ke da alhakin fitar ƙaramin ɗan daga gida, wa kuma za a yaba wa kan dawowarsa? Tambaya ce da ta daɗe tana raba kan malaman Kirista. Idan mutum ba shi da ikon zaɓi, hukunta shi a kan zunubi ya zama zalunci. Idan kuwa ikon duka yana hannunsa, to, ina amfanin alherin Allah, wanda shi ne ginshiƙin koyarwar addinin?

Tun da farko ya kamata a lura da cewa sunan da aka saba kiran labarin da shi, wato labarin ɗa almubazzari ko ɗa ɓatacce, ba ya cikin matanin. Masu sharhi da masu buga littafi ne suka laƙaba masa daga baya. Mai wannan nazari yana ganin sunan ya tauye labarin, domin daga cikin ayoyi 22 da ya ƙunsa, guda 8 na ƙarshe a kan babban ɗan suke, kuma a can ne batun zaɓi ya fi tsanani, kamar yadda za a gani.

4.1 Misalai uku a jere

Ba za a fahimci wannan labari sosai ba sai an dubi abin da ya gabace shi. Surar ta buɗe ne da masu karɓar haraji da waɗanda jama'a ke kallo a matsayin masu zunubi suna taruwa don sauraron Yesu, Farisiyawa da malaman Attaura kuma suna gunagunin cewa yana karɓar irin waɗannan mutane har yana cin abinci da su. Sai ya amsa masu da misalai uku a jere: na makiyayin da tunkiyarsa ɗaya cikin 100 ta ɓace, da na matar da tsabar azurfarta ɗaya cikin 10 ta ɓace a cikin gida, sannan na uban da ɗansa ɗaya cikin 2 ya bar gida.

Idan aka dubi abin da ya ɓace a kowane misali za a ga hawa-hawa. Tunkiya tana da ƙafafu, ta kan bi ciyawa har ta rabu da garke, amma ba ta da hankalin da za a tuhume ta. Tsabar kuɗi kuwa ko motsi ba ta yi, in akwai sakaci to na mai ita ne. Saboda haka a misalan nan biyu mai nema ne ke yin aikin duka: makiyayi ya fita ya saɓo tunkiya a kafaɗa, matar ta kunna fitila ta share ɗaki. Abin mamaki shi ne, dukansu biyu an rufe su da maganar farin ciki a kan mai zunubin da ya tuba, alhali kuwa tunkiya ba ta tuba ba, tsabar kuɗi ma haka. Ke nan akwai giɓi tsakanin labarin da darasin da aka ɗora masa. Misali na uku ne ya zo ya cike wannan giɓi, domin a cikinsa ne kawai abin da ya ɓace yake da baki da zuciya. A cikinsa ne kuma mai abin bai bi sawu ba. Uban bai je ƙasar da ɗansa ya tafi ba, bai aiki kowa ba.

4.2 Fita

Labarin ya ɗora alhakin fita a kan ƙaramin ɗan ba tare da wani sassauci ba. Shi ya nemi rabonsa na gado, shi ya tattara kayansa bayan 'yan kwanaki, ya tafi ƙasa mai nisa, ya watsar da dukiyar. Bisa ga Maimaitawar Shari'a 21:17 ɗan fari yana ɗaukar kashi biyu, saboda haka a gidan da 'ya'ya maza biyu ne, rabon ƙarami zai zama sulusi. Kenneth Bailey, wanda ya yi shekaru masu yawa yana koyarwa a Gabas ta Tsakiya, ya nuna a littafinsa na 1976 cewa a al'adar ƙauyukan yankin, neman gado tun uba yana da rai da lafiya daidai yake da yi masa fatan mutuwa. Wato laifin yaron ya fara tun kafin ya kashe ko kwabo.

Wani abin lura a salon labarin shi ne rashin mai zuga. A sura ta 3 ta Littafin Farawa, da aka tambayi Adamu sai ya tura laifi ga matarsa, ita kuma ta tura ga maciji. A nan ba a kawo maciji ba, ba a kawo mugayen abokai ba, ba a ce an ƙuntata wa yaron a gida ba. Ko uwarsa ba a ambata ba. An share fagen tas domin kada a sami wanda za a jingina wa laifin. Hatta yunwar da ta afka wa ƙasar, labarin ya jera ta bayan ƙarewar kuɗin. Da a ce yunwar ce ta fara zuwa, da mai karatu ya ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Amma da yake ta same shi hannu wofi, sai ta zama ta tona abin da ya riga ya yi wa kansa. Wannan ya yi daidai da koyarwar sura ta 18 ta littafin Ezekiyel, inda aka soki karin maganar Isra'ilawa mai ɗora wa 'ya'ya sakamakon laifin iyaye, aka nuna cewa kowane rai shi zai ɗauki nauyin abin da ya aikata.

To, amma uban fa? Littafin Sirak, wanda ke cikin Littafi Mai Tsarki na 'yan Katolika, ya gargaɗi magidanci a sura ta 33 da kada ya miƙa dukiyarsa ga 'ya'ya yana raye. Uban wannan labari ya saɓa wa wannan shawara, bai ma yi gardama ko nasiha ba. Mai karatu zai iya kiran wannan sakaci, kuma a rayuwar yau da kullum haka za a kira shi. A cikin tsarin labarin kuwa, shirun uban shi ne hanyar da aka bi aka nuna cewa zaɓin na gaske ne. Da ya hana, da zaman ɗan a gida ya zama na tilas, kuma da ba a san abin da ke zuciyarsa ba.

4.3 Dawowa

A nan ne labarin ya daina zama mai sauƙi, a nan ne kuma ya haɗu da tsohuwar muhawarar malaman Kirista. Ya zama dole a ɗan taɓa wannan muhawara kafin a koma ga matanin.

A farkon ƙarni na 5 wani malami ɗan Birtaniya mai suna Pelajiyus, wanda ya zauna a birnin Rum, ya koyar da cewa tunda Allah ya umarci mutum da aikata alheri, lalle mutum yana da ikon aikatawa, domin Allah ba ya umarni da abin da ba zai yiwu ba. Damuwarsa ita ce Kiristocin birnin suna fakewa da raunin ɗan'adam suna sheƙe ayarsu. Agustin, bishop na Hippo da ke ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, ya ƙalubalance shi. A wurin Agustin, zunubin Adamu ya raunata nufin mutum har ba ya iya juyowa ga Allah da ƙarfin kansa sai alherin Allah ya fara taɓa shi. Majalisar malaman coci da ta zauna a Kartaj a 418 ta yi tir da koyarwar Pelajiyus. Bayan fiye da shekara 1000 batun ya sake tashi. A 1524 Irasmus, masani ɗan ƙasar Holan, ya wallafa littafi a kan 'yancin nufi, a 1525 Martin Luta na Jamus ya mayar masa da martani da littafi a kan bautar nufi. Irasmus ya kwatanta mutum da yaro ƙarami wanda ubansa ya nuna masa ɗan itace, ya tashe shi, ya riƙe shi yana takawa har ya sa masa a hannu: aikin kusan duka na uban ne, amma yaron ya yi ɗan abin da ya yi, kuma yana iya ƙi. Luta kuwa ya kwatanta nufin mutum da dabbar hawa, wadda ko Allah ya hau ta ko Shaiɗan, ita ba ta zaɓen mahayi. Sai dai Luta bai musanta cewa mutum yana da zaɓi a harkokin duniya ba, kamar yadda zai sarrafa dukiyarsa. A batun ceto ne ya ce ba shi da shi.

Idan aka dawo ga labarin, za a tarar kowane ɓangare yana da abin riƙewa. Mai ba da labari ya nuna yaron ya dawo cikin hankalinsa a wurin kiwon aladu, ya yi shawara da zuciyarsa, ya ƙudura zai tashi, ya kuma tashi. Waɗannan ayyuka ne na mai zaɓi, kuma Irasmus da kansa ya kafa hujja da wannan misali, inda ya fassara shawarar da yaron ya yi da zuciyarsa a matsayin nufin mutum yana juyowa ga alherin da ya zabure shi. A ɗaya ɓangaren, da uban ya zo bayyana abin da ya faru, har sau biyu, sai ya siffanta ɗan da matacce da ya rayu da ɓatacce da aka samu. Matacce ba ya ta da kansa, wanda aka samu kuma ba shi ya sami kansa ba. Ke nan bakin mai ba da labari yana tare da Irasmus, bakin uban yana tare da Agustin da Luta, kuma labarin bai yi ƙoƙarin sasanta su ba.

Mai wannan nazari yana ganin mabuɗin yana cikin jawabin da yaron ya shirya. Da farko, me ya tuna masa da gida? Labarin bai ce ya tuna da baƙin cikin da ya jefa ubansa ba. Abin da ya tuna shi ne barorin gidansu suna ci suna ragewa, shi kuwa yana sha'awar kwanson da aladu ke ci, ba mai ba shi. Ga Bayahude, wanda alade haram ne a gare shi bisa ga Littafin Firistoci 11:7, babu ƙasƙancin da ya wuce wannan. Saboda haka yunwa ce ta fara magana kafin nadama. Katekizim na cocin Katolika da aka fitar a 1992 ya lissafa abubuwan da kan rage wa mutum alhakin aikinsa, daga ciki akwai jahilci da tilas da tsoro da sabo. Idan matsi yana rage nauyin mugun aiki, adalci ne a ce yana rage yabon kyakkyawan aiki ma. Yaron ya bar gida a ƙoshe, ba abin da ya kore shi. Ya dawo a yunwace, ba shi da wata mafita. 'Yancinsa a lokacin fita ya fi 'yancinsa a lokacin dawowa yawa nesa ba kusa ba.

Na biyu, jawabin yana da gaɓa uku: amsa laifi ga Allah da ga uba, da amincewa cewa bai cancanci sunan ɗa ba, da roƙon a ɗauke shi aikin lada. Gaɓa ta uku dabara ce ta mai son ya biya da guminsa. Ɗan ƙodago yana karɓar lada, ba wanda ya yi masa kyauta, ba ya kuma cin arzikin kowa. Wato yaron yana so ya gyara ɓarnarsa da hannunsa, wanda shi ne ra'ayin Pelajiyus a aikace. Amma tun yana nesa uban ya hango shi, ya sheƙa a guje ya rungume shi, tun bai buɗe baki ba. Bailey ya ja hankali ga cewa dattijo mai mutunci a wannan al'ada ba ya gudu a bainar jama'a. Da yaron ya fara jawabin, ya faɗi gaɓa ta ɗaya da ta biyu, ta ukun ba ta fito ba, sai umarnin uban na a kawo riga da zobe da takalma, a yanka turkakken maraƙi. (Wasu tsofaffin kwafe na hannu sun maimaita gaɓa ta ukun a aya ta 21, amma yawancin bugu na zamani sun bar ta, kuma labarin ya fi ƙarfi idan babu ita.) Ko uban ne ya katse shi, ko shi ne ya ga maganar ba ta da wuri bayan irin wannan tarba, sakamakon ɗaya ne: an karɓi amsa laifin, an yar da tayin biya.

Bisa ga wannan, ana iya cewa labarin bai raba alhaki daidai-wa-daida ba. Fita ta yaron ce shi kaɗai. Dawowa kuwa an yi tarayya a cikinta: ƙafafun nasa ne, amma yunwa ce ta tashe su, tunanin yalwar gidan uba ne ya nuna masu hanya, kuma matsayin da ya samu a ƙarshe ba shi ne wanda ya zo nema ba. Wannan ya fi kusa da matsayar da majalisar Oranj ta ɗauka a 529, wadda ta ce alherin Allah ne ke farawa, amma ta ƙi yarda cewa Allah ya ƙaddara wa wani aikata mugunta. Duk da haka kuskure ne a mayar da labarin hujjar wata mazhaba ɗaya. An ba da shi ƙarnoni kafin a haifi masu muhawarar, kuma abin da ya sa kowannensu ya ga fuskarsa a ciki shi ne mai labarin ya nuna aiki, bai tsaya fassara shi ba.

4.4 Babban ɗa

Mai karatun da ya saba da tatsuniya zai zaci labari ya ƙare da biki a aya ta 24. Sai ga babban ɗan yana dawowa daga gona, ya ji kiɗa da rawa, ya tambayi wani yaron gida, ya fusata ya ƙi shiga.

Bai kamata a yi saurin yanke masa hukunci ba, kamar yadda wasu masu wa'azi kan yi. Ƙorafinsa yana da tushe. Tunda an riga an raba gado, duk abin da ya rage nasa ne, kuma uban da kansa ya tabbatar masa da haka. Ke nan maraƙin da aka yanka da rigar da aka sa wa ƙanensa daga rabonsa suka fito, ba a kuwa shawarce shi ba, ko aike ba a yi masa a gona ba. Wannan wani rauni ne da labarin ya bari a buɗe: an yafe wa mai laifi, amma ba a ce komai ba game da sulusin dukiyar da ya salwanta, ko wanda zai ci gaba da ciyar da shi. Yafiya ta ɗauke hukunci, ba ta dawo da gonar da aka sayar ba. Wanda ya zauna a gida shi zai ɗauki wannan nauyi.

Sai dai kalmomin da aka sa a bakinsa sun tona shi. Ƙaramin ɗan, duk da ɓarnarsa, bai taɓa yi wa mahaifinsa magana ba tare da ya kira shi uba ba. Babban ya buɗe baki ba tare da wannan kira ba. Ya siffanta zamansa na shekaru a gida da bauta, ya ƙirga biyayyarsa kamar mai bin bashi, yana cewa ko ɗan akuya ba a taɓa ba shi ba. Ya ƙi kiran ƙanensa ɗan'uwa, sai ya jingina shi ga uban, uban kuma a amsarsa ya mayar masa da kalmar 'yan'uwantaka. Haka kuma shi ne ya kawo maganar karuwai, wadda mai ba da labari bai ambata ba, shi kuwa bai je ƙasar ba balle ya gani. Abin da ƙanen ya zo roƙo, wato zama ɗan ƙodago a gidan uba, ashe shi yayan ya daɗe yana ɗaukar kansa.

Ta fuskar jigon wannan babi, babban ɗan ne tauraron da zaɓinsa ya fi fita tsaf. Yunwa ba ta matsa masa ba, ba ya cikin jahilci domin an faɗa masa abin da ya faru, ba a kuma yi masa barazana ba. Uban da bai bi ƙarami zuwa ƙasa mai nisa ba, ya bar baƙinsa ya fito waje wurin babba, ya lallashe shi. Bai umarce shi ba, bai sa bayi su shigo da shi ba, alhali yana da ikon yin haka. Idan ana neman wurin da labarin ya fi ba Irasmus gaskiya, to nan ne, domin ga alheri ya fito har ƙofa, kuma ana iya ƙin sa. Mai bin Luta zai amsa da cewa wannan ƙi shi ne ainihin bautar da yake nufi, tunda mutumin ya kasa so ko da yake ba abin da ya ɗaure shi sai zuciyarsa. Amsar tana da ƙarfi, amma ba ta bayyana dalilin da ya sa uban yake roƙo ba. Ba a roƙon tsabar kuɗi, ba a roƙon tunkiya.

Labarin ya tsaya a bakin uban, ba a faɗi ko babban ɗan ya shiga ko bai shiga ba. Wannan ba mantuwa ba ce, idan aka tuna da waɗanda aka buɗe surar da su. Farisiyawa da malaman Attaura suna tsaye a gefe suna gunaguni a kan cin abinci da masu zunubi, babban ɗan yana tsaye a waje yana gunaguni a kan biki. Su ne ake jira su ƙarasa labarin. Luka bai rubuta amsarsu a wurin ba. Sura ta 16 ta buɗe da Yesu ya juya ga almajiransa da wani misali dabam, na wakili marar gaskiya, kuma ba a sake ambaton Farisiyawa ba sai a aya ta 14, inda aka nuna su suna yi masa ba'a.